Ɗana yana da tsamin baki, kakarsa ta ce a kai shi wurin wanzami

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga Argungu. Ɗana na biyu shekararsa huɗu da rabi. Yana da wayo, yana gane duk abin da aka ce masa, amma tsamin bakinsa ya ƙi tafiya. Koko "toto" yake cewa, Kaka "Tata", gida "dida", sanda kuma "tanda". Ni ina gane shi, baƙo kuwa sai na yi masa tafinta. Yaran gidanmu sun mai da shi abin wasa, kullum "ce kaza, ce kaza" don su yi dariya. Babansa yana zaunar da shi ya ce sai ya faɗa daidai, har yaron ya yi kuka. Surukata kuma ta ce, "Linzami na, a kai shi ga wanzami." Abin da ya fi tayar mini da hankali, kwanan nan ya rage magana, sai dai ya yi nuni da hannu. An ce mini akwai wasannin da ake yi da irin waɗannan yara. Don Allah me zan yi?

Wata uwa daga Argungu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Shirun nan da kika ce ya fara, shi ya fi damuna a wasiƙarki. Tsamin baki ana gyara shi, kuma irin wanda kika kwatanta yana cikin waɗanda suka fi jin gyara. Amma yaron da ya gaji da dariya har ya fara kame bakinsa, ba za a iya koya masa komai ba sai ya sake sakin jiki da magana. Don haka daga yau a daina "ce kaza" a gidan nan. Ki tara yaran, musamman manyan, ki gaya musu ba da wasa ba. Babansa kuma ki same shi a keɓe, lokacin da hankalinsa yake kwance. Na san so ne ya sa yake matsa masa, yana tsoron kada ɗansa ya girma ana yi masa dariya. Ki nuna masa cewa yaron ba taurin kai yake yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Da ya san inda zai sa harshensa da tuni ya faɗa ya huta da faɗa.

Ki gwada wannan da bakinki yanzu. Ki ce "ta", za ki ji kan harshenki ya taɓa bayan haƙoran sama. Ki ce "ka", za ki ji kan harshen yana kwance, gindinsa ne ya ɗaga can baya wajen ganɗa. Haka "da" da "ga" suke. Ɗanki ya ɗauko duk aikin baya ya dawo da shi gaba. Toto, Tata, dida, duk abu ɗaya ne, ba kurakurai uku ba. "Tanda" a madadin sanda shi ne abu na biyu: "s" iska ce da ake bari ta zirara ta tsakanin harshe da haƙori, shi kuma yana datse ta. Kin ga abubuwa biyu ne kawai a gabanki, duk da cewa sun ɓata ɗaruruwan kalmomi.

Yara da yawa suna yin haka a shekara 2 zuwa 3, sai su bari da kansu kafin su cika 4. A shekarar 2018 wasu masana biyu, Sharynne McLeod da Kathryn Crowe, sun tattara binciken da aka yi kan yaran harsuna 27, suka ga cewa zuwa shekara 5 yawancin yara sun kama kusan duk baƙaƙen harshensu, kuma "k" da "g" suna cikin masu zuwa da wuri, irin su "r" ne ke jinkiri. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka saba amfani da shi kuma shi ne, ɗan shekara 4 ya kamata baƙo ya gane kusan duk maganarsa. Tunda har yanzu kina yi masa tafinta, "zai bari in ya girma" ba ta ishe mu ba. Lokacin taimaka masa ya yi, kuma ba a makara ba ko kaɗan.

Maganar linzami kuwa, amsarta tana cikin wasiƙarki. Linzami jijiyar nan ce ta ƙarƙashin harshe, idan ta yi gajarta kan harshe take riƙewa. To ɗanki da kan harshen yake yin komai, "t" da "d" suna fita masa tas. Inda aikin ya tsaya can baya ne, wurin da aska ba ta da abin yi. Idan yana iya zaro harshensa ya wuce leɓe, yana iya lasar leɓensa na sama, da wuya a ce linzami ne. In ma akwai shakka, likita ne zai duba. Kada ki yarda a yanka masa linzami a gida, haka ma beli. Akwai zubar jini, akwai ƙwayoyin cutar da aska ke ɗaukowa daga wani jikin zuwa wani, ga kuma tsoron da zai shiga yaron duk lokacin da aka ce ya buɗe baki, alhali buɗe bakin nan muke nema. Ba ke za ki yi jayayya da surukarki ba. Ɗanta ne zai ce mata, "Inna, bari mu fara kai shi asibiti a duba kunnensa." Sannan ki ba ta nata aikin, don tsohuwar da aka ce ta koma gefe ba za ta koma ba. Ki roƙe ta ta riƙa yi masa addu'ar da Annabi Musa, alaihis salam, ya yi a Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Akwai kuma wani aikin da ta fi ki iyawa, zan zo kansa.

Kunnen da na ambata ba dabarar kauce wa wanzami ba ce kawai. Yaro da kunne yake koyon magana. Wani yana jin kira, yana jin ƙarar babur, amma ƙananan sautuka irin su "s" suna wuce shi, saboda ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa bayan mura ko ciwon kunne, kuma sau da yawa ba ya yi masa zafi balle a lura. Ki tuna baya: ya taɓa yin kunne mai zubar da ruwa? Ya yi ƙyanda, ko hangum, ko ciwon shawara mai tsanani yana jariri? Ya taɓa yin sanƙarau? Yankinmu na sanƙarau ne, duk wanda ya ga annobar 2017 da ta taso daga Zamfara ta shiga Sakkwato da Kebbi bai manta ba, kuma raunin ji yana cikin abin da ciwon ke bari. Birnin Kebbi ba ta yi muku nisa ba. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Sir Yahaya, ku ce kuna son ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma a yi masa gwajin ji. Idan babu na'urar a lokacin, a rubuta muku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Ku tambaya ko akwai ƙwararren mai gyaran magana da za a haɗa ku da shi. Ba su da yawa a Najeriya, amma ko gani ɗaya ya yi wa yaron ya tsara muku abin da za ku riƙa yi a gida, an ci riba.

Kafin nan ba za ki zauna jira ba. Minti goma a rana ya isa, ko biyar da safe biyar da yamma, a lokacin da ya ƙoshi kuma ba barci a idonsa. Ku biyu kawai, a ɗaki, ba 'yan kallo. Kada ki kira shi darasi. Kuma sauti ɗaya za ki kama, "k", ki kawar da kai daga sauran.

Mako na farko ko biyu, kada ki nemi ya faɗi komai. Kunnensa za ki fara koyarwa. Ki baje kasuwa a kan tabarma: ga kara, ga tsakuwa tara a cikin murfin kwalba; ga ƙunshin kaya, ga tayar motar wasa. Ke ce mai saye, shi ne mai kanti. "Malam, a ba ni kara." Ya miƙo. "A ba ni tara." "A ba ni kaya." "A ba ni taya." Ki biya shi da ganye ko gyaɗa. Ki riƙa cakuɗa su don kada ya haddace jerin, wani lokaci ki rufe bakinki da faifai don ya dogara da kunne kaɗai. In ya miƙo wanda ba shi ba, ki ɗaga biyun ki ce, "Wannan kara, wannan tara," ki wuce. In ya ƙware, sai ki juya wasan: ke za ki riƙa yin kuskure da gangan, shi ne malamin da zai kama ki. Ki nuna kazar da ke tsakar gida ki ce, "Kai, ga taza!" Ki dube shi. Yara suna mutuwar son kama babba da kuskure, kuma za ki iya mamakin cewa wanda ke cewa "taza" da bakinsa ba zai yarda ke ki faɗa ba. Wannan alama ce mai kyau, kunnen ya san bambancin, harshen ne bai san hanya ba.

A nan Kaka za ta shigo. Tatsuniyoyinmu cike suke da sautin da yake bukata: kura, kurege, kunkuru, kada, kare, ga Gizo da Ƙoƙi. Ta yi masa tatsuniya kowane dare, a hankali, yana kusa da ita yana ganin bakinta. Ba a neman komai daga gare shi sai "ta zo mu ji ta". In ya ji "k" sau ɗari a dare ɗaya daga bakin wadda yake so, an yi aiki.

Sai fito da sautin kansa, wanda shi ne wurin da ke bukatar haƙuri. Ku zauna gaban madubi, kumatu a jere. Ki wage baki sosai ki ce "k, k, k", sautin kawai ba tare da wasali ba, ki nuna masa yadda kan harshenki ke kwance a bayan haƙoran ƙasa. Wage bakin yana da dalili: in baki ya buɗe sosai, kan harshe yana wahalar kaiwa sama ya yi "t". In bai samu ba, ya wanke hannu ya danne kan harshensa da ɗan yatsansa, sannan ya gwada. In har yanzu shiru, ki kwantar da shi rigingine a kan cinyarki, kansa ya ɗan yi baya, don harshe yakan zame baya da kansa a haka. Wasu yaran kuma ta wajen kurkure maƙogwaro da ruwa suke fara jin inda wurin yake, ko ta kwaikwayon ɗan ƙaramin tari. Ki ba sautin suna tsakaninku, ki ce "na baya", "t" kuma "na gaba", kina taɓa ƙarƙashin haɓarsa can ciki in kin ce na baya. Yana iya ɗaukar kwanaki. Ranar da ya fito, zai iya fitowa da kaushi kamar kaki. Ki karɓa a haka. Kada ki tsaya kan "yauwa, yaron kirki", ki gaya masa abin da ya yi: "Na ji na baya! Harshenka ya koma baya." Ta haka zai san abin da zai maimaita.

In sautin ya zauna, sai a haɗa shi da wasali. Ki fara da "ko" da "ku", sannan "ka", saboda su ma a baya ake yin su, suna taimakon harshen ya tsaya a can. "Ki" da "ke" ki bar su sai daga baya, don a Hausa suna jawo harshe gaba, wurin da muke son ya baro. Ki zana da'ira uku a ƙasa, ya riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan: ko, ku, ka. Daga nan sai gajerun kalmomi masu farawa da "k": koko, kuka, kunu, kuɗi, kofi, Kaka, kaza. Ki guji kalmar da ta haɗa "k" da "t" a ciki, irin su katifa, takalmi, tukunya. Waɗannan tarko ne a wannan matakin, "t" ɗin zai janye "k" ɗin.

Tunda ɗan Argungu ne, ki kawo masa Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, cikin ɗaki. Ki yanka kifaye goma ko sha biyu daga kwalin sabulu, a bayan kowanne ki zana abu ɗaya: kofi, kaza, kuɗi, bishiyar kuka. Ba sai kin iya zane ba, in kin ce kaza ce, kaza ce. Ki binne su cikin babbar roba ta shinkafa. Ki ba shi matacin koko a matsayin homa, ƙaramar ƙwarya a matsayin gora. Ki buga ganga da bayan kwano, ya faɗa kamu. Duk kifin da ya kamo, ya juya shi ya faɗi abin da ke baya sau uku kafin ya jefa a gora. Ke ma ki kama naki, ki faɗi naki, don kada ya ji shi kaɗai ake yi wa jarrabawa. Ki saka babban kifi guda, giwan ruwa, wanda duk ya kamo shi ya ci gasar. Ku zagaya sau biyu, za ki tarar ya faɗi "k" sau da yawa bai ma lura ba, kuma yawan maimaicin nan shi ke sa harshe ya saba. In ya faɗa ba daidai ba, ki ce, "Na ji na gaba, mu nemo na baya," ya sake sau ɗaya. In bai samu ba ki faɗa masa daidai ku ci gaba. Ki tsayar da wasan tun yana so, kada ki jira ya gundura. In kifi ya ishe shi, ki ɓoye katunan a cikin ɗaki ya nemo, ko ya yi lodinsu a motar kara ya kai tasha. Kalmomin su ne dai, rigar wasan ce ke canzawa.

Idan kalmomi sun fara zama, ki dawo da kasuwar farko, amma yanzu shi ne mai saye. In yana son kaya ya ce "taya", ki miƙa masa taya da fuskar gaskiya. Zai ce a'a. Ki ce, "Au, kaya kake so? Taya na ji." Nan ne yake gane cewa wurin da ya sa harshensa yana canza abin da za a ba shi. Sai dai ki yi wannan da taushi, kuma sai bayan kin tabbata yana iya fitar da "k" ɗin. In kika yi shi da wuri, ya zama wata tsokanar. Daga nan sai gajerun jimloli, "ba ni koko", "Kaka ta kawo kunu", kuna waya da gwangwani biyu da zare.

Ki sa a ranki cewa zai daɗe yana faɗa daidai a cikin wasa, ya fita tsakar gida ya ce "toto". Haka abin yake tafiya, ba koma baya ba ne. A wajen minti goman nan kada kowa ya gyara masa. In ya ce, "Mama, toto," ki ce, "Koko kake so? Ga koko, koko mai zafi," ki ba shi. Ya ji daidai sau uku, kuma ba a ce ya yi laifi ba. Wannan ne aikin da za ki ba babansa a madadin zaman tuhuma, kuma in ya yarda ya shiga kamun kifi ranar da yake gida, ya fi.

"G" yakan biyo bayan "k" ba da wahala ba, tunda wurinsu ɗaya. Sai sun zauna za ki taɓa "s". Ita kuma doguwa ce, haƙora a haɗe, iska na fita: ya ja layi da yatsa a kan rairayi yana "ssss", in ya kai ƙarshe ya ce "anda". "Ƙ" da "ts" suna da ƙarin aiki a maƙogwaro, su jira. "R" kuwa kada ki tayar da hankalinki a kanta yanzu. Maganganun karya harshe irin na ƙato da kwaɗo ma a ajiye su, don ko manya suna tuntuɓe a kansu. Za ki ji masu cewa a ba shi balan-balan ya hura, ko usur, ko ya riƙa lasar zuma don harshe ya yi ƙarfi. Ya yi in yana so, amma bincike bai nuna suna gyara furuci ba. Yaron da ke tauna nama yana haɗiyewa lafiya, ba ƙarfin harshe ya rasa ba. Bidiyon waya ma ba zai maye gurbinki ba, don ba ya jin abin da yaron ya faɗa balle ya amsa masa.

Ki kula da wani abu kuma. In ya ce "hwara" ko "biyat" ko "ɗiya", wannan Hausar gidansu ce, kada wani ya lissafa ta cikin tsamin baki. In akwai Zabarmanci ko Fulatanci a gidan, ko Turancin makaranta, su ma ba su suka jawo ba, kada a hana shi su. Malaminsa na Islamiyya kuwa ki aika masa ko babansa ya je. Masu tajwidi sun san mafitar haruffa, sun san kaf daga gindin harshe take fita. A gaya masa ana aiki a kai, kada a doke shi ko a tsayar da shi gaban yara a kan harafin da bai kama ba tukuna. Wannan yana da muhimmanci yanzu, don yaran da suka shiga aji ɗaya da irin wannan matsalar ba a gyara ba sun fi fuskantar wahala wajen koyon karatu da rubutu.

Akwai alamun da in kin gansu ba za ki tsaya kan wasa ba, asibiti za ki koma da wuri: in muryarsa tana fita ta hanci ko abin sha yana dawo masa ta hanci, in yana yawan dalalar da miyau ko shaƙewa wajen cin abinci, in kalma ɗaya yau ya faɗe ta haka gobe daban kuma kina ganin bakinsa na lalube, ko in ya fara manta kalmomin da ya iya. Yau da daddare ki ɗauki muryarsa a waya yana ba ki labari, ba tare da ya san dalili ba, ki rubuta kalmomi goma da yadda yake faɗarsu. Bayan wata uku ki sake ɗauka, ki kunna wa wata 'yar'uwarki da ba ta saba da shi ba, ki ji nawa ta gane. In "k" ta ƙi fitowa sam bayan makonni shida kuna gwadawa, ko wata ukun suka cika babu canji, ki tafi da rikodin da kika ɗauka da takardar kalmomin wurin likita, ki ce a tura ku wurin mai gyaran magana ko da sai an je Sakkwato ko Kaduna.